Dorothea da Celia: Aure, Zumunci da Sadaukarwa a Littafin Middlemarch

Wata shida cif bayan baffansu ya damƙa musu akwatin kayan adon marigayiya mahaifiyarsu, Celia Brooke ta yi ta maza ta tunkari yayarta Dorothea da maganar rabo. Ta same ta duƙe a kan takarda tana zanen fasalin gidajen da take so a gina wa talakawan ƙauyensu. Da aka buɗe akwati, Dorothea ta ce ƙanwarta ta kwashe duka, ita ba ta da buƙatar kayan ƙawa. Da hannunta ta ɗaura wa Celia wata sarƙa mai shunayyan duwatsu a wuya. Ana cikin haka rana ta fito daga bayan gajimare, haske ya sauka kan wani zobe mai koren dutse da awarwaronsa. Dorothea ta yi shiru tana kallo. Ta zura zoben a yatsa, ta shiga nema wa sha'awarta hujja ta addini, tana cewa ai a littafin Ru'ya ta Yohanna ma an kwatanta abubuwan sama da duwatsu masu daraja. Ƙarshe ta ce waɗannan biyun za ta riƙe. Celia ta tambaye ta ko za ta riƙa saka su cikin mutane, sai ta mayar mata da baƙar magana. Ran Celia ya ɓaci. A zuciyarta ta ce ko dai yayarta ta ɗauki cikakken rabonta, ko kuwa ta bar su gaba ɗaya tunda haka ta ce tun farko. Ba su shirya ba sai can da Dorothea ta kira ta ta zo ta ga zane, ta kwantar da kumatunta a hannun ƙanwar, abin da su biyun suka san ban haƙuri ne.

Da wannan rabon gado George Eliot ta buɗe Middlemarch, kuma kusan duk abin da littafin zai faɗa game da 'yan matan nan yana cikinsa. Yayar mai tsarkin niyya ce, barin abu ba ya yi mata wuya, amma ba ta san zuciyarta ba. Ƙanwar ba ta da dogon buri, tana son sarƙa kuma ba ta jin kunyar faɗa, sai dai idonta ba ya kuskuren abin da ke gabansa.

George Eliot sunan alƙalami ne. Marubuciyar mace ce, Mary Ann Evans, an haife ta a 1819 a yankin Warwickshire da ke tsakiyar Ingila, ta rasu a 1880. Littafin ya fito kashi takwas tsakanin 1871 da 1872, amma labarin ya koma baya da shekara 40, zuwa tsakanin 1829 da 1832, lokacin da layin dogo ya fara ratsa gonaki kuma ƙasar ke ta rikici kan dokar gyaran zaɓe. Garin Middlemarch ƙagagge ne, ko da yake masu nazari sun daɗe suna ganin Coventry a cikinsa, inda ta zauna tana budurwa. Labarai da yawa ke saƙe a littafin, na likita, na mai banki, na ɗan attajiri mai cin bashi, amma na Dorothea ne ginshiƙi.

Marayu ne su biyun. An yi musu ɗan karatu a wani gida a Ingila, sannan a wani gida a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, irin karatun da ake ganin ya ishi 'yar babban gida. Kowaccensu tana da fam 700 a shekara daga gadon iyaye, suna zaune da baffansu Mista Brooke a gidan gonarsa na Tipton. Dorothea ba ta cika shekara 20 ba, amma tana azumi, tana raba dare tana karanta tsofaffin littattafan addini, tana ƙishirwar wani babban aiki da za ta ba wa rayuwarta. A gabatarwar littafin, Eliot ta kawo labarin waliyyiya Teresa ta Avila, wadda ta gyara tsarin zaman mata masu ibada a Sifen a ƙarni na 16, ta ce ana ta haifar irinta amma ba sa samun filin aiki. Wannan shi ne halin Dorothea. Jami'a ba ta karɓar mata, majalisa ba ta karɓar su, ba su da ƙuri'a, kwalejin mata ta Girton ma sai a 1869 aka kafa ta. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ita ce aure, don haka duk burinta na ilimi da na bautar Allah da na taimakon talaka ta tattara ta ɗora wa aure.

Manema biyu suka fito. Sir James Chettam saurayi ne mai gonaki, mai kirki, wanda har ya yarda ya gina gidajen talakawan da ta zana. Ita kuwa ta ɗauka Celia yake so, duk da kowa a gidan har masu aiki sun san inda ya dosa. Na biyun shi ne Edward Casaubon, limamin cocin Lowick, mai dukiya, wanda ya haura shekara 45, ya kuma ƙarar da ƙuruciyarsa yana tara bayanai don wani gagarumin littafi da zai nuna cewa duk tatsuniyoyin addinan duniya daga tushe ɗaya suka gurɓato. Dorothea ta ji shi yana magana a wajen cin abinci sau ɗaya ko biyu, ta yanke cewa ga malamin da take nema. Ta riƙa tuna 'ya'yan mawaƙi Milton da ke yi wa mahaifinsu makaho karatu. Da wasiƙar neman aurensa ta zo, busasshiya kamar yadda take, ta durƙusa ta fashe da kuka don godiya.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidan Tipton abin ya juye. Celia ce ta lura da ƙananan ƙuraje biyu masu gashi a fuskar malamin, ita ta ji yadda yake kankare kwano da cokali in yana shan miya, ita ta ga yadda yake ƙifta ido kafin ya yi magana. Dorothea ta ɗauki wannan a matsayin ƙaramin tunani, ta roƙe ta ta daina. Mai karatu ma da farko zai iya tsayawa bayan yayar, don ba a auna mutum da yadda yake shan miya. Amma abin da Celia ke faɗa da nata harshen shi ne cewa da mutum za a zauna, mai jiki da ɗabi'a, safe da yamma, kuma yayarta ba ta taɓa kallon mutumin ba ko sau ɗaya. Ta faɗa mata a fili cewa ita kullum tana ganin abin da babu mai gani, amma abin da ke a sarari ba ta ganinsa. Eliot ta yi Dorothea mai raunin gani a zahiri, har ta ƙi karɓar ɗan kwikwiyon da Sir James ya kawo mata don tsoron kada ta taka shi.

Akwai wata magana ta Celia da ta fi wannan nauyi. Ana zancen Dorothea za ta daina hawan doki, abin da take matuƙar so, sai Celia ta ce wa Sir James ai yayarta tana jin daɗin barin abu. Dorothea ta tare ta nan take, ta ce in da haka ne, to barin nata ya zama biyan buƙatar rai ke nan, ba horon rai ba. Ta faɗi gaskiyar da bakinta tana musunta. A ganina nan ne zuciyar littafin take. Sadaukarwar Dorothea ta farko tana da son kai a ɓoye, son kai mai tsabta amma son kai ne: tana so ta ga kanta cikin babban labari, tana hidima ga babban mutum. Ba Casaubon ta aura ba, hoton da ta zana masa ta aura, kuma shi ma an cuce shi da hakan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne halin manyan da ke kewaye da ita. Baffanta ya ɗan taɓa maganar tazarar shekara 27 da ke tsakaninsu, ya ce ta yi tunani, ya kuma sake mata. Sir James ya je wajen limamin ƙauyensu, Mista Cadwallader, ya roƙe shi ya sa baki a jinkirta har ta kai shekarun mallakar kai. Limamin yana gyaran kayan kamun kifinsa ya ce bai ga aibin Casaubon ba. Kowa mai iko ya janye hannu. Wadda ta damu har ranta ita ce ƙanwar da ba ta da ikon hana komai, kuma da ta ji an riga an sa rana, ba ta ƙara kushe angon ba. Ta yi fari fat, ta ce tana fatan yayarta za ta ji daɗi, ta nemi gafara in ta faɗi abin da ya sosa mata rai.

Mako shida bayan ɗaurin aure, muna ganin Dorothea a wani ɗaki a birnin Rum tana kuka ita kaɗai. Ango yana ɗakin karatu na Vatican kullum. Babu duka, babu zagi, babu abin da za ta kai ƙara a kansa. Kawai ta fara gane cewa faɗin da ta zata za ta samu a tunanin mijinta babu shi, sai lunguna da ba sa kai wa ko'ina. Wata safiya ta tambaye shi, da hawaye a idonta, yaushe zai fara rubuta littafin daga tarin bayanan nan. Ta yi tambayar ne don ƙauna, shi kuwa ya ji ta kamar mari, domin ita ce tambayar da yake gudu shekara da shekaru. A Rum ɗin ne kuma suka sake haɗuwa da Will Ladislaw, matashin ɗan'uwan Casaubon da yake ɗaukar nauyin karatunsa, wanda ya gaya mata cewa malaman Jamus sun riga sun wuce wajen da mijinta ke lalube, shi kuma ba ya karanta Jamusanci.

Wani marubucin zai bar Casaubon a matsayin azzalumin tsoho. Eliot ta ƙi. A farkon babi na 29 ta fara jimla da sunan Dorothea, ta katse, ta tambaya me ya sa kullum Dorothea, shin ita kaɗai ke da ido a auren nan? Sai ta shigar da mu cikin mutumin. Ya yi abin da jama'a suka ce daidai ne, ya nemi yarinya mai ladabi wadda za ta yi masa rubutu ta kuma yaba masa. Ya sa ran farin ciki, ya tarar zuciyarsa ba ta iya shi ba. A can cikinsa ya san aikin rayuwarsa ba zai haifar da komai ba, yana tsoron malaman Oxford, kuma yanzu ya shigo da mai shaida har ɗakin kwanansa. Duk wanda ya taɓa ɓoye gazawarsa ga na kusa da shi zai ji tausayin mutumin nan, ko da bai so ba.

A wajenmu in za a kai amarya, kalmar da ta fi yawa a bakin iyaye ita ce haƙuri, kuma mai karatu Bahaushe zai iya ɗaukar Dorothea a matsayin abin koyi a wannan fanni ya wuce. Littafin ya rarrabe abin fiye da haka. Biyayyarta ta farko, ta ɗaliba ga malami, ba ta amfani kowa ba, don ba ta san wanda take yi wa ba. Wadda ta zo daga baya daban ce. Casaubon ya kamu da ciwon zuciya, ya tsare likita Lydgate a lambu ya tambaye shi gaskiya, aka gaya masa mutuwa na iya zuwa farat ɗaya. Dorothea ta fito ta same shi, ta saƙala hannunta a nasa. Ya bar hannayensa a goye a baya, ya sandare, bai ce mata uffan ba, ya shige ɗakin karatu ya rufe ƙofa. Ta haura sama cikin fushin da ba ta taɓa yi ba, tana tambayar me ta yi masa, ta ƙudura za ta aika a ce masa ba za ta sauko ba. Ta wuni har dare tana kokawa da kanta. Da gida ya yi tsit, ta fito ta tsaya a bakin matakala cikin duhu tana jiransa. Ya hauro da fitila, fuskarsa ta zabge, ya gan ta ya yi mamaki, ya tambaya ko shi take jira. Ta ce e, ba ta so ta katse masa aiki ne. Ya ce mata ta zo, ita yarinya ce, ba ta buƙatar tsawaita kwanakinta da zaman dare. Ta sa hannunta cikin nasa suka tafi tare.

A wannan daren ta riga ta san littafinsa banza ne, ta san ba ya sonta yadda take so, ta san yana zarginta. Ta zaɓi tausaya wa mutum mai tsoron mutuwa da idonta a buɗe. Wannan ce sadaukarwar da Eliot ke girmamawa.

Amma ko ita tana da iyaka, kuma littafin bai ɓoye haɗarinta ba. Wani dare Casaubon ya nemi ta yi masa alkawari cewa in ya mutu za ta bi abin da yake so, ta guji abin da yake ƙi, ba tare da ya faɗi ko mene ne ba. Ta gane yana nufin ta ƙarar da rayuwarta kan tarin takardunsa. Ta roƙi ya ba ta zuwa gobe. Ta kwana ba barci, da safe ta yanke za ta ce to, don ba za ta iya murƙushe zuciyar marar lafiya ba. Ta bi shi lambu ta tarar da shi a wata 'yar rumfa, ya kifa kai a kan teburin dutse, rai ya yi halinsa. Mutuwa ce ta cece ta, ba hankalinta ba, kuma ina ganin Eliot da gangan ta yi haka don mu ji tsoro. Tausayi kaɗai ya kusa binne yarinya 'yar shekara 21 da ranta. Sai daga baya ta iya rubuta wa mamacin 'yar takarda ta rufe a aljihun tebur, tana cewa ba za ta iya miƙa ranta ga nasa ba ta hanyar wahala kan abin da ba ta yarda da shi ba.

Sannan wasiyya ta fito. Casaubon ya bar mata dukiyarsa, amma ya ƙara sharaɗi cewa duk za ta kuɓuce mata in ta auri Will Ladislaw. Mai karatun da ya saba da rabon gado na Musulunci, inda matar mamaci ke da kasonta tabbatacce kuma wasiyya ba ta wuce sulusi, zai yi mamakin wannan iko. A Ingila ta wancan zamani mai dukiya yana da faɗin hannu sosai wajen rubuta wasiyya, kuma mace in ta yi aure, a idon doka ta narke cikin mijinta, kuɗinta da abin da ta samu nasa ne, sai fa in danginta masu hali ne sun killace mata wani abu a hannun amintattu, kamar fam 700 ɗin Dorothea. Dokar da ta fara ba matar aure ikon riƙe abin da ta samu da guminta a 1870 ta fito, daidai lokacin da ake rubuta littafin, cikakkiyar kuma sai 1882. Aminiyar Eliot, Barbara Bodichon, tana cikin waɗanda suka ja gaban wannan fafutuka tun shekarun 1850.

Mazan gidan sun so su ɓoye mata sharaɗin. Celia ce ta faɗa mata. A lokacin ta auri Sir James, ta haifi ɗanta Arthur, kuma haihuwa ta ba ta wani ƙarfin gwiwa a gaban yayarta. Ta ga Dorothea na shirin ɗora wa kanta sabon nauyi don cika burin mamaci, sai ta zauna ta zayyana mata komai cikin sanyin murya, ta ce mijin nata mugunta ya yi, kuma ba dole ba ne ta kashe kanta da baƙin ciki a kansa. Babu lallashi a maganar, amma babu wanda ya yi wa Dorothea alheri irin wannan tun da ta yi aure. Haka kuma wani maraice mai zafi a gidan Sir James na Freshitt, Celia ta dubi hular takabar da ta matse kan yayarta, ta tashi ta kwance ta ta ajiye a kujera, gashin ya zubo. Surukarta, tsohuwar Lady Chettam, ta nuna bai dace ba kafin shekara ta cika. Celia ba ta da falsafa a kan takaba, ta ga 'yar'uwarta na shan zafi ne kawai.

Ba na so in mai da Celia waliyyiya. Duniyarta ƙarama ce, daga mijinta sai jaririnta, kuma har ga Allah ta ɗauka babban rabon Dorothea shi ne ta zauna bazawara tana yi wa Arthur wasa. Ba ta taɓa fahimtar abin da ke cin yayarta ba. Abin da take da shi shi ne ƙauna da ba ta jira sai ta fahimta, da bakin da ba ya tsoron tsarkin Dorothea. Kowa a littafin ko dai yana bauta wa Dorothea ko yana zarginta. Celia kaɗai ke iya ce mata kin yi kuskure, ta kuma rungume ta.

Akwai wata 'yan'uwantaka ta biyu, wadda ba ta jini ba. Likita Lydgate ya zo garin da burin gyara harkar magani, ya auri Rosamond Vincy, kyakkyawar 'yar magajin gari, kowannensu da nasa hoton ɗayan a ka, kamar dai Dorothea da Casaubon. Rosamond ba ta san barin komai ba. Bashi ya kai musu fam 1,000, Lydgate ya ranta a hannun mai banki Bulstrode, kuma a kwanakin ne wani mutum, Raffles, da ya san tsohon asirin mai bankin ya mutu a gidansa. Gari ya ce toshiyar baki likitan ya karɓa. Abokansa suka ce a bi a hankali. Dorothea kaɗai ta ce ta yarda da shi, ta tambaya don me muke raye in ba don mu sauƙaƙa wa juna rayuwa ba, ta rubuta cakin fam 1,000 don ya fita daga hannun Bulstrode. Ta tafi gidansu don ta kwantar wa matarsa da hankali, ta tura ƙofa, ta tarar da Will Ladislaw riƙe da hannayen Rosamond tana kuka.

Daren nan ta kwana a ƙasa kan daɓe tana kuka, kuma a nan ta fara amsa wa kanta cewa tana son Will. Da asuba ta ɗaga labule, ta hango wani mutum da ƙunshi a baya, da wata mata ɗauke da jariri a hanya. Ta tambayi kanta abin da ya kamata ta yi yau in za ta iya danne nata ciwon ta tuna da mutum ukun nan. Ta canja kaya zuwa na takaba mai sauƙi, ta koma gidan matar da take ganin ta ƙwace mata masoyi. Ba ta je da gori ba. Ta yi mata bayanin mijinta, ta ce aure ba ya kama da komai, akwai abin tsoro a irin kusancin da yake kawowa, muryarta na rawa don da kanta ma take. Rosamond, wadda ba ta taɓa ba kowa gaskiya a kan kanta ba, ta karye. Suka ƙanƙame juna, in ji Eliot, kamar waɗanda jirgin ruwa ya kife da su. Sai Rosamond ta ce abin da take zato ba haka ba ne, Will yana gaya mata ne cewa wata macen yake so. Rosamond ba ta zama mutuniyar kirki daga ranar ba, ta ci gaba da juya mijinta har ya mutu yana da shekara 50 yana ganin kansa wanda ya gaza. Amma sau ɗaya ta yi abin da ba don kanta ba, kuma alherin wata mace ne ya jawo shi.

Dorothea ta auri Will, ta bar dukiyar Casaubon. Ta ce masa fam 700 ɗinta sun ishe su, ba ta buƙatar sababbin kaya, za ta koyi kuɗin kowane abu a kasuwa. Tun fitowar littafin masu karatu ke jayayya kan wannan ƙarshe. Wasu na ganin Will bai kai ta ba, wasu na ganin ta sake narkewa cikin rayuwar wani namiji, tunda shi ya zama ɗan majalisa ita kuma mai taimaka masa a gida. Eliot kanta ta rubuta cewa da yawa sun ga abin takaici ne, sai dai babu wanda ya faɗi takamaiman abin da ya kamata ta yi a madadin haka. Ina tare da masu takaicin, domin gidajen talakawa da ƙauyen da ta yi mafarkin kafawa duk sun tafi a takarda. Amma ban yarda cewa auren biyu maimaicin na farko ba ne. A na farko ta bar abin da take so don ta zama wata. A na biyu ta bar dukiyar da dama nauyi ce a kanta, ta ɗauki abin da take so, ta kuma faɗa da bakinta cewa tana so. Ga mace irin Dorothea, wannan ya fi barin doki da sarƙa wuya nesa ba kusa ba.

Sir James ya rantse ba zai ƙara ganinta ba. Celia ta sa aka ɗaura keken doki ta tafi Lowick ita kaɗai don ta canja mata ra'ayi. Ta lissafa mata komai, talauci, zama a wani titi a Landan, rabuwa da Arthur, ta yi kuka ta ce yaushe za su riƙa ganin juna. Da ta ga ba ta motsa ba, ta gyara zama ta ce to ta ba ta labarin yadda abin ya faru. Dorothea ta ce a'a, sai in za ta ji abin da take ji, in ba haka ba ba za ta taɓa ganewa ba. Ratar da ke tsakaninsu ba ta rufe ba har ƙarshen littafin, zumuncin kuma bai yanke ba. Da wasiƙa ta zo cewa Dorothea ta haihu har an fid da rai da ita, Celia ta faɗo wa mijinta da kuka irin wanda bai taɓa gani ba, tana cewa ya hana ta zuwa, ga shi yayarta ba ta san yadda ake riƙon jariri ba. Nan take Sir James ya ce gobe ma zai kai ta in tana so. Daga nan gidajen biyu suka koma ziyartar juna, ɗan Dorothea kuma ya gaji gonar Tipton.

Marubuciyar ta san abin da take rubutawa a jikinta. Daga 1854 ta zauna da George Henry Lewes, wanda ya rabu da matarsa amma doka ba ta ba shi hanyar saki ba, har rasuwarsa a 1878. Da ta sanar da danginta a 1857, yayanta Isaac ya amsa ta bakin lauya, ya yanke hulɗa, ya sa 'yan'uwanta mata su ma suka yi shiru. Yayarta Chrissey, wadda John Cross, mijin da Eliot ta aura a 1880, ya ce zamansu ya yi kama da na Dorothea da Celia, ta bi umarnin. Sai a farkon 1859, tana kwance da tarin fuka, ta rubuto tana nadamar shirun da ta yi, ta kuma rasu a watan Maris ba su sake haɗuwa ba. Isaac bai rubuto ba sai bayan shekara 23, don taya murnar aurenta da Cross, watanni kaɗan kafin rasuwarta. Bayan mutuwar Chrissey da shekara 13 ne Eliot ta rubuta ƙanwar da ta hau keken doki ta tafi wajen 'yar'uwarta duk da fushin mijinta, ta kuma tsaya a gabansa tana kuka har sai da ya janye rantsuwarsa.